Yadda ake haɗa ƙaramin wasan yaƙi na kan tebur da firintar gida

*"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Samaru. Mu huɗu ne a ɗaki, mun gaji da ludo da daraf, sai na ci karo da wasannin nan na yaƙi da ake yi a kan taswira da ƙananan kwalaye. Ina da firintar tawada mai tanki. Na buga wani da na samu kyauta, amma 'ya'yan suka fi gidajen taswirar girma, kwalin ya lanƙwashe bayan na sa gam, fanka kuma ta watsa mana komai ana tsakiyar wasa. Yaya zan haɗa ƙarami wanda zai shiga jaka ko aljihu, kuma ya daɗe?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka kawo, kowanne da dalilinsa: girman da bai daidaita ba daga saitin bugu ne, lanƙwashewa daga ruwan gam ce, watsewa kuma daga rashin nauyin 'ya'yan. Duk za mu bi su. Amma akwai abin da ya riga su, wato ka fara aikin daga firinta. Wasan da ake so ya shiga aljihu daga mazubinsa ake fara shi. Ka zaɓi abin da zai zauna a ciki, ka auna shi da rula, shi zai gaya maka girman taswira, taswira ta gaya maka girman gida, gida ya gaya maka girman ɗa, yawan gidaje kuma ya gaya maka runduna nawa wasan zai ɗauka. In ka juya wannan jeri, za ka yi ta buga takarda kana zubarwa.

Irin wannan wasa ya daɗe. A 1824 wani hafsan sojan Prusiya, ƙasar da wani ɓangarenta yau ke cikin Jamus, mai suna Reisswitz, ya gabatar da Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci, inda hafsoshi ke tura ƙananan tubala ja da shuɗi a kan taswira, alƙali yana yanke sakamako. Na kwali da ake sayar wa jama'a ya fara ne a Amurka da wasan Tactics na Charles Roberts a 1954, mutumin da ya kafa kamfanin Avalon Hill. Wanda ya fi kusa da buƙatarka shi ne na 1977, lokacin da kamfanin Metagaming ya fitar da Ogre na Steve Jackson: taswira ɗaya naɗaɗɗiya, takardar 'ya'ya ɗaya, ɗan littafin dokoki, duka a leda, kuɗinsa bai kai dala uku ba. Abin da kake nema ke nan.

Lissafin girma

Mazubi uku ne suka fi sauƙin samu a nan. Akwai ambulan mai ɗaukar rabin A4, akwai jakar biro mai zif, akwai kuma gwangwanin mas-set da muka yi sakandare da shi. Ni gwangwanin na fi so, don ba ya lanƙwashewa a jaka, murfinsa kuma ya zama wurin jefa dayis. Sai dai siriri ne, dole ka auna cikinsa kafin ka yanke shawarar yadda za a naɗe taswira.

Takardar A4 tana da milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Firintar gida ba ta kai bugu har baki, don haka bar milimita 10 a kowane gefe, sai ya rage maka 190 da 277. Gidajen taswira yawanci masu kusurwa shida ne, kamar saƙar zuma. Dalilin shi ne kowane gida yana da maƙwabta shida, duka nisansu ɗaya. A gida mai kusurwa huɗu irin na daraf, wanda ya bi ta kusurwa ya yi tafiyar da ta fi ta madaidaici da kusan kashi 40 cikin 100, amma ya biya taku ɗaya. In ka fi son mai kusurwa huɗu ba laifi, sai ka hana bin kusurwa kawai.

Ɗan wasa na kamfani yakan zama rabin inci, kusan milimita 13, ko kuma 16. Ga wanda zai yanka da hannu ina ba da shawarar 15. Ƙasa da haka kuskuren milimita ɗaya yana cin lambar da aka buga a kan ɗa, ɗauka kuma tana wuya. Gida sai ya fi ɗa da milimita huɗu, wato 19 daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa, don yatsu su samu wurin kamawa ba tare da ture na kusa ba. Da wannan awo, A4 a kwance tana ɗaukar layi 16 masu gida tara tara, gida 144 ke nan. Cire layi biyu ka sa ma'aunin ƙirga zagayen wasa da jadawalin da ke nuna sakamakon faɗa a wurin, ya rage 126. A fili irin wannan, 'ya'ya 12 zuwa 20 a kowane ɓangare sun isa. In suka wuce haka taswira ta cika, babu wurin zagaye abokin gaba, wasan ya koma ture-ture.

Bugu

Abin da ya sa 'ya'yanka suka fi gidaje girma, kusan tabbas, shi ne manhajar ta rage shafin taswira don ya shiga takarda, ta bar na 'ya'ya yadda yake. Yawancin fayilolin da ake rabawa daga Amurka an tsara su ne a kan takardarsu mai milimita 216 da 279, wadda ta fi A4 faɗi amma ba ta kai ta tsawo ba. A wurin bugu zaɓi "Actual size" ko 100%, kada ka bar shi a "Fit". In kuma dole a rage, rage duka shafukan da adadi ɗaya, misali kashi 94 a taswira, 94 a 'ya'ya. In kai ne mai zanen, ja layi mai milimita 100 a gefen kowane shafi, kana bugawa ka ɗora rula a kai. Ko Inkscape ka yi amfani da shi, wanda kyauta ne, ko CorelDraw da masu shagunan kwamfuta suka saba da shi, mayar da aikin PDF kafin ya je firinta.

Firintarka ta tanki tana da arha wajen launi, ba ta kuma cin wuta, ƙaramar inbata ma tana ɗaukarta. Rauninta shi ne tawadar launinta yawanci mai narkewa a ruwa ce. Yatsa mai gumi a watan Afrilu ya isa ya ja lamba. Firintar lesa tana gasa hoda a kan takarda, ruwa ba ya taɓa ta, amma hodar tana tsagewa a wurin naɗi, injin kuma yana jan ɗaruruwan wat idan yana ɗumama. Saboda haka rabon aikin da ya fi kyau shi ne: taswira a gida da tawada, 'ya'ya kuwa, tunda su hannu ke taɓawa kullum, ko dai ka kai shagon da ke da lesa mai launi a Samaru ko Kongo, shafi ɗaya ne kacal, ko ka buga a gida ka rufe fuskarsu kamar yadda zan faɗa. Abu ɗaya da ba a yi: kada ka ba mai lesa takardar hoto ko sitikar da aka yi don firintar tawada, zafin injin yana narka fuskarta ya ɓata masa na'ura.

Takardar yau da kullum mai giram 80 ta ishi 'ya'ya tunda liƙa ta za a yi. Taswira tana son giram 120 zuwa 160. Sa mai kauri ɗaya bayan ɗaya ta mashigar baya, inda takarda ba ta lanƙwasa sosai. Da hunturu kuma, ko ba ka da abin bugawa, buga ɗan shafi mai launuka sau ɗaya a mako ka rufe injin da zane, don bushewa da ƙura su ne ke toshe kan tawada.

Game da zane: fili mai haske, rubutu baƙi mai kauri, lambobi kada su gaza girman 10. Yi tunanin daren da aka ɗauke wuta kuna wasa da fitilar waya. Kada ka raba ɓangarori da ja da kore kaɗai, wasu mazan ba sa bambance su. Fari da shuɗi, ko rawaya da baƙi, sun fi.

'Ya'yan wasa

Nan ne wasa ke kyau ko ya lalace, nan kuma ya kamata haƙurinka ya tafi. Kaurin da ake nema milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne. Mafi kyau shi ne kwalin nan mai launin toka da masu ɗaure furojet ke yin bango da shi. Ka roƙi ragowar yankansu, amma zaɓi siriri, don mai kauri sosai yana gajiyar da hannu kuma bakinsa yana tarwatsewa. In babu, kwalin sukari ko na ganyen shayi ninki biyu ya yi. Katan ɗin taliya ko na sabulu, mai ramuka a ciki, ba ya yi sam: wuƙa tana murƙushe shi, gefensa ya buɗe baki.

Ga abin da ya lanƙwasa naka. Farin gam irin Top Bond ruwa ne a cikinsa. Takarda ta sha ruwan ta buɗe, ta kama kwali a buɗe, da ta bushe sai ta tsuke ta jawo kwalin zuwa ɓangarenta. Maganinsa uku ne, kuma tare ake yin su. Shafa gam a kan kwali, ba a takarda ba, ka baza shi da tsohon katin ATM har sai ya zama kamar ba a shafa ba. Liƙa takarda a fuska biyu, ko da ta bayan fara ce, don jan ya zama ɗaya. Sannan ka sa shi tsakanin leda biyu, ka danne da manyan littattafai kwana ɗaya, da damina kwana biyu. Kada ka shanya a rana. Da hunturu kuwa gam yana bushewa kafin ka gama gyara zaman takarda, don haka yi ƙanana ƙanana, rabin shafi a lokaci guda.

Gam ɗin sanda ba ya jiƙa takarda, amma bayan makonni a cikin zafi kusurwa tana ɗagowa. Gam ɗin masu gyaran takalmi yana kamawa ƙam ba ruwa, sai dai ba a gyara zama da zarar ya taɓa, yana iya ɓullowa ta takarda siririya, warinsa kuma sai a waje. Hanya mafi sauƙi duka ita ce takardar sitika ta A4: ka buga, ka ɓare, ka liƙa daga gefe ɗaya kana bi da rula don kada iska ta shiga. Ta fi tsada, amma shafi ɗaya kake buƙata, tunda A4 tana ɗaukar 'ya'ya sama da 200 masu milimita 15.

Yawancin wasanni suna son ɗa mai fuska biyu, gaba da cikakken ƙarfi, baya da ƙarfin da ya ragu bayan an yi masa rauni. Kada ka dogara da buga gaba da baya, firintar gida tana kaucewa da milimita ɗaya ko biyu, wanda a kan ɗa mai 15 babban abu ne. Tsara su layi biyu biyu: layin gaba a sama, bayan kowane ɗa a ƙarƙashinsa daidai, tsakaninsu rata gwargwadon kaurin kwalin. Ka yanke layukan biyu tare, ka tura bakin kwali cikin ratar, ka naɗe takardar ta rungume shi. Gaba da baya sun hau juna ke nan ba tare da awo ba.

Kafin yanka, bar tawada ta yi sa'o'i ta bushe, sannan ka rufe fuskar da faffaɗan salatif mai haske. Yana hana gumi, yana ƙara ɗan nauyi. Aibinsa yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, kuma 'ya'yan da aka ɗora kan juna suna zamewa.

Yanka da rular ƙarfe da wuƙar nan da ake karya bakinta, a kan wani tsohon kwali. Almakashi yana murɗa gefe. Kada ka nemi ratsawa a ja ɗaya: ja huɗu ko biyar marasa ƙarfi, wuƙa a tsaye, rula a danne, yatsu nesa da bakinta. Fara da dukan layukan tsaye amma kada ka kai su ƙarshen kwalin, bar firam a kewaye ya riƙe komai, sannan ka bi na kwance, 'ya'yan su zubo da kansu. Da ka ga takarda ta fara yagewa maimakon yankuwa, karya baki ka ci gaba. A ƙarshe ɗan datse kusurwa huɗun da abin yanke farce. Wannan ƙaramin aiki ne mai ban haushi, amma daga kusurwa ɗa ke fara ɓarewa.

Taswira, naɗi, da fanka

In aka yi wa A4 lamineshin gaba ɗaya ba ta naɗuwa, in an tilasta ta sai ledar ta yi fari ta rabu. Yanke taswirar gida huɗu ko shida gwargwadon mazubinka, a yi wa kowane yanki nasa, ka jera su a kife da ratar milimita ɗaya, ka haɗe da salatif ta baya. In ba ka son wannan wahala, bar ta ba leda, ka ja bayan wuƙa a kan layin naɗi kafin ka naɗe, ka ƙarfafa bayan layin da salatif. Idan ta tsufa ka sake bugawa, ai firintar taka ce.

'Ya'ya masu kaurin da na faɗa ba sa tashi a fankar sama mai matsakaicin gudu. Taswirar ce ke tashi ta kwashe su, don haka danne kusurwoyinta da waya ko makulli. In kuna wasa a waje ne, a gindin bishiya, ko a mota, sai maganaɗisu: akwai shimfiɗaɗɗen maganaɗisu mai laushi da ake yanka da wuƙa, shi za ka sa a madadin kwali, ka ɗora taswira a kan tiren ƙarfe. Gwada tiren tukuna, na alminiyam ba ya kamawa. Taswirar kuma ta zama siririya, leda mai kauri tana kashe kamun. Irin wannan maganaɗisu ba ya zama daidai a kan ɗan'uwansa, yana zamewa gefe, saboda haka sai doka ta zama ɗa ɗaya a gida ɗaya.

Ajiyar 'ya'ya kuwa, ƙananan ledojin nan masu zif da ake zuba ƙwayar magani a kemis sun yi daidai. Leda ɗaya ga kowane ɓangare, ka rubuta adadin a jikinta, a ƙirga kafin a tashi.

In kana so ka ƙirƙiri naka

Dokoki su tsaya a gaba da bayan takarda ɗaya. Kowane ɗa lambobi biyu: ƙarfi da tafiya. Ƙasa iri huɗu ta isa, fili, daji, rafi, tudu ko ganuwa. Zagaye shida zuwa takwas, a gama cikin minti 40. Tsohuwar hanyar yanke faɗa ita ce a raba ƙarfin masu hari da na mai tsaro, a zubar da ragowa don amfanin mai tsaro: 7 a kan 3 ya zama biyu da ɗaya. Jadawalin yana da ginshiƙi biyar, daga ɗaya da biyu zuwa huɗu da ɗaya, da layi shida na dayis, sakamakon kuma ja da baya, rauni, ko fita. Ƙara doka ɗaya: duk wanda ya shiga gidan da ke maƙwabtaka da abokin gaba dole ya tsaya. Ita ce ke sa sahu ya zama sahu.

Akwai gidajen da ba a son ganin dayis saboda maganar malamai a kansa. Hukuncin nasu ne, amma ta fuskar aiki akwai madadi: yanka 'ya'ya shida masu lamba 1 zuwa 6, a zuba a hula a zaro. In ana mayar da wanda aka zaro, daidai yake da dayis. In ba a mayarwa sai sun ƙare, wasan ya canza, mai lura zai san abin da ya rage ya jinkirta harinsa. Wasu sun fi son hakan, amma ka zaɓa da sani.

Batun labari, ba sai ka je Turai ba. Rundunonin ƙasar Hausa sun rabu yadda wasa ke so: 'yan lifidi masu nauyi da jinkiri, barade masu sauri, 'yan baka masu harbi daga gida biyu, dakaru masu riƙe wuri. Yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, inda maharban jama'ar Shehu suka karya dawakin Gobir, darasi ne na yadda ƙasa da zaɓen wuri ke rinjayar yawa. Ko ka zana yanki ɗaya na ganuwar Zazzau da ƙofa biyu, a ce Ƙofar Doka da Ƙofar Tukur-Tukur, da rafi a gabanta, ka ƙirƙiri hari na tatsuniya. Idan ƙarfi bai zo ɗaya ba, kamar rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland da ta tashi daga Zariya ta ci Kano a farkon 1903, kada ka ƙara wa mai rauni ƙarfin ƙarya. Canza ma'anar nasara: in ya riƙe ƙofa har zagaye na bakwai, shi ya ci. Rikice-rikicen da mutane ke da rai suna tuna su kuwa, ni ba na ɗora su a tebur.

Kada ka taɓa gam ko launi sai kun buga wasan aƙalla sau biyar a kan farar takarda da lambobin biro, kuna musayar ɓangare. Lambobi za su canza, wani ɗa zai zama ba shi da amfani, wata ƙofa ta zama ita kaɗai ake bi.

Aikin hannu yana da iyaka. Yankanka ba zai kai na injin kamfani ba, za a samu bambancin rabin milimita tsakanin 'ya'ya, kuma wannan yana da illa a wasan da ake kife 'ya'ya don ɓoye ƙarfinsu, domin bayan mako biyu abokan ɗakinka za su gane babban jarumi da karkataccen gefensa. In wasanka na ɓoyo ne, buga saiti biyu ka riƙa cakuɗa su. Ka tuna kuma fayil na kyauta yawanci don amfanin kai aka ba da shi, ba don a buga a sayar ba, sai ka duba abin da mai shi ya rubuta. A shafin 'ya'ya bar guda goma farare ba rubutu, na kowane launi biyar, don ranar da ɗaya ya faɗa ƙarƙashin katifa a rubuta madadinsa da biro a ci gaba.